Fasinja Biyu, Gida Ɗaya

Shafi na 19

Masu turo min saƙo tun safe kuna tambaya ko Aurica ta sauka lafiya, ta sauka. Wadda kuma ta roƙe ni in tausaya mata a wannan shafin, ki yi haƙuri, ni ma na so hakan.

*

Ko da Aurica ta fito daga filin jirgin Chisinau na ƙasar Moldova tana jan akwatinta, motar hayar Anatol ta cika, saura kujerar bayan direba. Ta waya suka shirya, yadda kowa ke yi: ka faɗa masa jirginka da ƙauyen da za ka, ya haɗa ka da waɗanda hanyarku ɗaya, ku raba kuɗin mota, ya sauke kowa a ƙofar gidansa. Sunan gidansu ne kawai ta ƙi faɗa masa, kuma da gangan. Bakin direbobin nan ya fi motarsu gudu, ita kuwa ba ta son ƙaninta Vitalie ya ji labarin zuwanta sai dai ya gan ta a tsakar gida.

Watanni ke nan rabonta da muryar mahaifiyarta. Duk ranar da ta kira daga Padova, inda take aikin jinyar wata tsohuwa 'yar Italiya, sai Vitalie ya ce Mama na barci, ko ta tafi coci, ko shi ba ya gida. Wace irin tsohuwa ce za ta yi ta barci tun daga ƙarshen sanyi har lokacin tsinkar inabi? Abin da ya taso ta ke nan ba shiri.

"Ke ce ta Lunca Veche?" Anatol ya tambaya yana cusa akwatinta a but.

"Ni ce."

"Shiga, Yaya. Yau na huta da zagaye, ga 'yar ƙauyenku nan a ciki."

Aurica ta shiga ta dubi matar da ke gefenta. Matashiya ce, da ƙaramin ciki, ta rungume wata ƙatuwar jaka a cinya. Aurica ta san kowa a Lunca Veche har karnukansu, amma wannan fuskar ba ta taɓa ganinta ba.

A gaba kuwa wani dattijo ne, Baba Gavril, ya dawo daga ganin jikokinsa a Jamus. Tun kafin su fita gari ya gama ba su labarin surukarsa wadda ba ta sa gishiri a miya. Da ya gama da ita sai ya juyo.

"Ke 'yar gidan wa ce a can, 'yata?"

"'Yar gidan masu gajiya, Baba. Tun asuba nake kan hanya."

Ya ƙyalƙyale da dariya. "Ai wannan gidan duk danginmu ne. To ke fa, mai jaka? Kin riƙe ta kamar za mu ƙwace."

"Stela sunana," matashiyar ta ce tana murmushi. "Ni ban zama 'yar garin ba tukuna, Baba, yau zan zama. Gida muka saya ni da mijina. Yana Dublin wurin aikin gini, ni na fara yo gaba saboda in haihu a gida."

"Kin ga gidan da idonki?"

"A waya. Ɗan'uwan mijina ya je ya zagaya mana da shi."

"Yaran zamani," in ji Baba Gavril. "Mu ko kaza ba mu saya sai mun ɗaga ta."

Anatol ya dube ta ta madubi. "Ta ina gidan yake, ƙanwata? Kada ki ba ni lamba, ba mai sanin lamba a Lunca Veche."

"An ce in ka wuce coci ka gangara, akwai rijiya mai shuɗin rufi. Gidan da ke gabanta, koriyar ƙofa, da rumfar inabi tun daga ƙofa har baranda."



Rijiya mai shuɗin rufi ɗaya ce a ƙauyen. Uban Aurica ne ya yi mata fenti.

Ta ce a ranta ai koriyar ƙofa ba ta gidansu kaɗai ba ce, maƙwabta ma wataƙila sun sake fenti, shekaru nawa rabonta da gida. Ta ɗaga kai sai ta ga Anatol ya ɗauke ido daga madubi ya ƙara sautin rediyo. 

"Nuna min," ta ce wa Stela. 

Ai kuwa Stela dama neman mai gani take. Ta ciro waya ta matso.

"Kin ga baranda. Kin ga rumbun ƙarƙashin ƙasa, Yaya, har da gangunan inabi ya bar mana. Nan ɗakin baƙi ne. Ni dai dardumar nan ta bango zan cire, ta tsohon yayi ce."

Darduma ce baƙa mai jajayen furanni. Aurica tana ƙaramar yarinya ta riƙe wa mahaifiyarta zare aka saƙa ta. Ta san inda furen gefe ya karkace saboda jan zare ya ƙare a wannan sanyin.

"Har darduma aka bar muku?"

"Komai da komai. Mai gidan ya ce tun da mahaifiyarsa ta rasu ba ya iya kallon kayanta. Ya ba ni tausayi, har kuka ya yi a waya."

"Wa ta rasu?"

"Tsohuwar. Mahaifiyar shi Vitalie ɗin."

"Tsayar da motar nan."

"Yaya, nan ba wurin..."

"Na ce ka tsaya."

Anatol ya gangara gefen titi kusa da wata gonar inabi. Aurica ta buɗe ƙofa ta fito, ta dafa motar ta sunkuya. Ba abin da ta ci tun safe, ba abin da zai fito, sai kakari. Can cikin gona mata na ta tsinka suna hira abinsu.

Duk suka firfito. Baba Gavril ya miƙo mata ruwa.

"Jiri ne? Haka jirgi yake yi wa matata."

Ta ture robar ta juyo ga Stela.

"Ɗazu aka tambaye ni 'yar gidan wa ce. Ni 'yar Parascovia ce. Gidan da ke cikin wayarki a cikinsa aka haife ni. Vitalie ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya."

Stela ta rufe baki da hannu. Baba Gavril ya cire hula ya yi alamar gicciye.

"Yaushe ya ce ta rasu? Yaushe aka binne ta? An binne uwata ina can ina wanke wa uwar wasu jiki, ba wanda ya..."

"Ba ta mutu ba."

Anatol ne ya yi magana. Yana tsaye a jikin ƙofa da taba a hannu, ya kasa kunna ta.

Aurica ta tako har gabansa.

"Me ka ce?"

"Na ce Inna Parascovia ba ta mutu ba. A iya sanina dai."

"Kai wa ya gaya maka?"

"Da na san gidan da kowaccenku za ta tun a waya, Yaya, da ban haɗa ku mota ɗaya ba. Ni ƙauye kawai na duba."

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan. Tana ina?"

Ya dubi ƙasa, ya dubi titi, ya rasa inda zai ajiye idonsa.

"Farkon ɗumi ne. Vitalie ya kira ni ya ce yana son kujera biyu zuwa filin jirgi, shi da mahaifiyarsa. Na je na ɗauke su. Ta fito da rigar coci da sabon ɗankwali, da kwando a hannu. Duk layin sun fito sallama. Ta ce musu Aurica ta aiko a kai ta Italiya."

"Ni?"

"Haka ya gaya mata."

"Ci gaba."

"A nan ta zauna, inda kika zauna. Akwai wasu mata biyu a motar masu jirgin rana. Ta buɗe kwando ta rarraba mana placinta, wainar fulawa mai cuku, ta ce mu ci amma mu bar na ƙasan, na 'yarta ne. Tana ta tambayarsu ko kunne na ciwo a jirgi, ko za a ƙwace mata kwalbar zuma. Muna ta dariya. Wallahi ban san komai ba, Yaya."

"Ina ka kai ta?"

"Mun yi rabin hanya ya ce in ratse, akwai saƙon da zai karɓa. Na ce masa masu jirgi za su makara, ya ce ba daɗewa. Muka shiga wata hanya har wani gini mai shinge. Da na ga tsofaffi jere a benci na gane gidan ajiye tsofaffi ne."

Baba Gavril ya ja dogon tsaki.

"Ya buɗe mata ƙofa ya ce ta sauko. Ta leƙa ta ce, ɗana, ina jiragen? Ya ce ta sauko dai. Sai ta kama wannan marikin na saman taga da hannu biyu."

Aurica ta waiwaya ta kalli marikin. Da shi ta riƙe tun daga filin jirgi.

"Kai kuma kana kallo."

"Me zan yi? Uwarsa ce, ba tawa ba. Ga matan nan sun fara hayaniya, ɗaya na kuka wai in jirgi ya tashi ya bar ta aikinta ya tafi. Ɗayar na cewa, Inna don Allah ki sauka, ku je ku sasanta a waje. Kin san tsofaffinmu, gara su mutu da a ce sun jawo wa baƙo asara. Ina jin shi ya sa bai ɗauki tasi shi kaɗai ba. Ya san a gaban mutane ba za ta iya ja da shi ba."

"Ɗan banza ya yi lissafi," Baba Gavril ya ce. "Auta ke nan. An bar masa gida don ya riƙe uwa, ya riƙe gida ya saki uwa."

"Duk da haka ba ta saki ba," Anatol ya ce. "Sai da ya sunkuya ya gaya mata wata magana."

"Wace magana?"

"Yaya..."

"Faɗa min."

"Ya ce, Mama, ba ni ba ne. Aurica ce ta ce a kawo ki nan, ita ta nemo wurin, ita ke biya. Ta ce ba ta da wurin ajiye ki kuma ba za ta dawo ba."

 Kuɗin da Aurica take turowa duk wata na magani da itacen hunturu, ashe da su ake biyan wurin, da sunanta kuma.

"Sai ta saki," Anatol ya ƙarasa a hankali. "Ta sauka da kanta. Ta ba wa matan nan haƙuri, ta ce Allah ya kiyaye hanya. Kwandon ma a mota ta bar shi. Na kira ta ta ce in kai wa 'ya'yana."

"Ka kai musu?"

Ya murza tabar da ke hannunsa.

"Ka kai musu suka ci?"

"To zubarwa zan yi?"

Ta ɗaga hannu kamar za ta mare shi, Baba Gavril ya shiga tsakani.

"A'a, 'yata. Wannan ba shi ne naki ba. Naki yana can gida."

Nan kukan ya ƙwace mata. Ta zauna daɓas a bakin titi da rigarta mai kyau, wadda ta saya musamman don Mama ta ga ba wahala take sha a can ba. Shekaru tana ba wa tsohuwar Padova abinci a baki, tana taje mata kai, tana juya ta a gado don kada bayanta ya yi gyambo. Ko sau ɗaya ba ta taɓa ɗaga mata murya ba. Tata uwar kuwa tana zaune a bayan shinge da yaƙinin cewa 'yarta ce ta jefar da ita. Baƙin ciki da kunya suka haɗu mata, ta rasa wanda ya fi ciwo.

Wayar Stela ta ɗauki ƙara. Ta duba, fuskarta ta canza.

"Shi ne. Yana jirana da makullai."

Aurica ta share ido ta miƙe. "Ɗauki. Sa yadda zan ji. Kada ki ambace ni."

Stela ta ɗauka.

"Amaryar gida!" Muryar Vitalie ta fito fes, cike da fara'a. "Kun kusa? Na share miki tsakar gida, har inabi na tsinko miki, ki ɗanɗana na gidanki."

"Muna hanya. Taya ce ta yi faci."

"Anatol da tsofaffin tayoyinsa. Ki ce masa ya yi sauri, da yamma zan wuce, ina da tafiya."

"To."

Ta kashe. 

"Tafiya ina?" Aurica ta tambaya.

Anatol ya sosa ƙeya. "Ya kama kujera a motar abokina. Filin jirgi."

Ta tsaya tsakanin hanya biyu. In suka miƙe za ta riske shi a ƙofar gida ta ci kwalarsa a gaban duk layin. In suka juya, kafin ta iso ya tafi, wataƙila har abada. Ba ta daɗe tana tunani ba.

"Juya motar. Kai ni wurin uwata."

"Yaya, mun wuce mararrabar da nisa. Kuma yau motar ba tawa ni kaɗai ba ce, kin san tsarin. Ba na ratsewa sai kowa ya yarda."

"Yau ka san da wannan tsarin?"

Ya mayar da tabar aljihu.

"Ni na yarda," Baba Gavril ya ce yana mayar da hula. "Tsohuwata ta dafa min miyar kaza, ta huce a sake ɗumamawa. Ta saba jirana."

Ido ya koma kan Stela. Ta dafa cikinta, hawaye na bin kumatunta.

"To ni fa? In ya tafi da makullai ina zan kwana? Duk abin da muka tara yana cikin gidan nan. Ni ban cuci kowa ba, Yaya, ban sani ba."

"Na san ba ki sani ba."

"Za ki ƙwace gidan?"

"Ba gida na zo nema ba, ƙanwata. Makulli kuma akwai wani a ƙarƙashin dutsen bakin rumbu, in bai ɗauke ba. Ni zan nuna miki."

Stela ta daɗe tana kallonta, sannan ta koma mota ta ɗauke jakarta daga tsakiya ta ɗora a cinya.

"Mu je."

Suka juya suka kama hanyar komawa. Rediyo a kashe. Aurica ta haɗa hannuwanta a cinya, ta ƙi yarda ko yatsanta ya taɓa marikin nan. Tana ta shirya abin da za ta ce, duk wanda ta shirya sai ta ji bai isa ba.

Rana ta fara yin sanyi suka isa. Wata ma'aikaciya mai farar riga ta buɗe musu ƙaramar ƙofa.

"Wurin wa?"

"Parascovia, ta Lunca Veche. Ni 'yarta ce."

Matar ta dube ta sama da ƙasa. "Ke ce ta Italiya?"

"Ni ce."

"Hmm. Sannu da ƙoƙari." Ta juya ta yi gaba. "Biyo ni. Amma kada ki tayar mata da hankali, da ƙyar muka samu ta fara cin abinci."

Mahaifiyarta na can ƙarshen tsakar gida ita kaɗai a kan benci, da kwano a cinya tana ɓarar wake. Ta rame har rigar ta yi mata yawa. Hannuwan ne kawai ba su canza ba, suna ta aiki da sauri yadda Aurica ta san su.

Aurica ta saki jakar hannunta ta durƙusa a gabanta.

"Mama."

Hannuwan suka tsaya.

Tsohuwar ta ɗago. Idonta garau, hankalinta garau. Ta kalli gashin 'yarta da ya fara furfura, ta kalli sabuwar rigar da ta yi ƙura. Ta gane ta sarai.

"Kin zo duba ajiyarki?"

"Mama, wallahi ban sani ba. Vitalie ne ya..."

"Tana nan. Ba ta mutu ba tukuna."

"Ki saurare ni, Mama, don Allah."

Ta kai hannu za ta kama gwiwarta. Tsohuwar ta janye ƙafa, ta ajiye kwanon a benci, ta laluba sandarta ta miƙe, sannan ta miƙa wa ma'aikaciyar hannu.

"Kai ni ciki, 'yar nan. Wannan baƙuwa ce, ba wurina ta zo ba."